Yadda Ɗalibin SS1 a Daura Zai Zaɓi Darussan Turanci

Ɗalibin da ya shiga ajin farko na babbar sakandare, wato SS1, a Daura ko Mai'aduwa ko Sandamu, yana fuskantar darussan Turanci iri biyu, kuma iyaye da yawa suna ɗaukarsu abu guda. Na farko shi ne Harshen Turanci, wanda wajibi ne ga kowa, ɗan kimiyya ne ko ɗan kasuwanci ko ɗan ajin fasaha. Na biyu shi ne Adabin Turanci, wanda zaɓi ne. A ganina wannan zaɓi ya kamata a yanke shi tun zangon farko na SS1, bisa abin da yaro ke son karantawa a gaba.

Matakin farko, uba da ɗa su zauna su fitar da kwas biyu ko uku da yaron ke sha'awa, sannan su duba littafin JAMB mai bayyana sharuɗɗan kowane kwas a kowace jami'a. A nan za su ga cewa mai son karatun Lauya ko digiri a Turanci, a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Jami'ar Bayero, yana buƙatar Adabin Turanci. Mai son injiniyanci a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, ko a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin, ba ya buƙatar adabin, amma kiredit a Harshen Turanci, daga A1 zuwa C6, na cikin abin da ake nema a wurinsa.

Mataki na biyu, a je makaranta a tambayi shugabanta ko akwai malamin adabi na dindindin, kuma ko makarantar tana yi wa ɗalibanta rajistar wannan darasi a WAEC da NECO. Idan babu, gara a sani yanzu, lokacin da sauya makaranta ko neman malamin yamma yake da sauƙi. Adabin ya ƙunshi ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo da waƙoƙi, har da wasan Shakespeare, kuma shekara uku ake ginawa a kansu. Wanda ya farga a SS3 zai tarar da tulin littattafai da ba zai iya gamawa ba. A makarantar kuma a karɓi jerin littattafan da aka tsara wa shekarar da yaron zai rubuta jarrabawa, domin jerin yana sauyawa, kuma littafin yayansa na iya zama an daina amfani da shi.

Wasu za su ce adabin yana da wuya, yaro ya ɗauki Hausa ko Ilimin Addinin Musulunci ya ci cikin sauƙi. Waɗannan darussa masu daraja ne, kuma ɗan ajin fasaha yana iya haɗa su da adabin. Sai dai ba sa maye gurbinsa inda jami'a ta ambace shi da suna. Wuyar da ake faɗa kuwa yawancinta daga rashin karanta littafin ne, ana dogara da taƙaitawa.

Mataki na uku ya shafi kowa. Takardar Harshen Turanci ta WAEC tana da rubutun insha'i, da fahimtar rubutu, da taƙaitawa, da gwajin furuci, kuma JAMB tana tambaya daga wani littafin labari da take sanyawa. Saboda haka ɗan kimiyya ma ya riƙa rubuta insha'i ɗaya duk mako, wasiƙa ko muhawara, ya kai wa malami ya gyara masa, ya kuma karanta littafi ɗaya cikakke a kowane zango.