Maciji a Gona da Rumbu: Yadda Za Ka Kare Kanka da Ma'aikatanka

Malam manomi, maciji ba ya shigowa gona ko rumbu don neman mutum. Ɓera da kwaɗo da wurin ɓuya ne ke kawo shi. Duk inda aka tara damman dawa, ko shinkafar da aka yanka ba a sussuke ba, ko tulin doya da aka lulluɓe da ciyawa, ɓera zai zo, maciji kuma zai biyo shi. Shi ya sa sara ya fi yawa a farkon damina, lokacin sharar gona da noma, da kuma lokacin girbi.

Wanda ya fi yi wa manoma ɓarna a ƙasar nan, musamman a kwarin Binuwai da na Neja, shi ne kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba, launinta kuma ya saje da ƙasa. Idan ta fusata takan naɗe jiki tana goga ɓawonta, ka ji wani sauti kamar ruwa ya zuba a kan garwashi. Kasa kuwa ba ta gudu, lafewa take yi har a taka ta. Akwai kuma baƙin maciji mai fasa kai, wanda ke iya feso dafi a ido daga nisan kusan mita 2.

Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai riga ya gani ba. Kafin ka ɗaga dami ko buhu, juya shi da doguwar sanda ko ƙotar fartanya, kana tsaye a gefe. Sanya dogon takalmin roba, domin mafi yawan sara a ƙafa ne, ƙasa da gwiwa. Na san takalmin yana da zafi a watan Afrilu, amma kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwalba ɗaya ta maganin dafi ba. Riƙe tocila idan za ka ban ruwa da dare, in kuma kwana ya kama ka a bukkar gona, tura gefen gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa. A rumbu da sito, share ciyawa a kewaye, toshe ramukan ɓera, a jera buhuna kan katako nesa da bango.

Idan ka yi kiciɓis da maciji, tsaya cik, sannan ka ja da baya a hankali. Janye yara da sauran ma'aikata, ka bar masa hanyar fita. Mutane da yawa a wurin ƙoƙarin kisa ake sararsu, kuma kan macijin da aka datse yana iya sara bayan an ɗauka ya mutu. Idan a cikin sito yake, buɗe ƙofa, a sa masa ido daga nesa, a kira wanda ya ƙware wajen kamu. Kada a zuba fetur ko kananzir ko maganin ƙwari a wurin. Ba lallai ya kashe macijin ba, amma tabbas zai gurɓata hatsin da iyali za su ci.

In sara ya auku, abin da aka yi a sa'o'in farko shi ne muhimmi. A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya taso. A sa kara ko katako a tallafi ƙafar don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada ya taka da kansa. Ban da ɗaure ƙafa tamau, domin hakan na iya kashe naman har a kai ga yanke ta. Ban da tsaga, ban da tsotsa, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafi. Don zafi a ba da farasitamol kawai. Asfirin da ire-irensa suna ƙara zubar jini. Wanda aka fesa wa dafi a ido a wanke masa da ruwa mai yawa nan take, sannan a kai shi asibiti. Ba sai an kamo macijin ba, hoto daga nesa ya wadatar.

Haɗarin kububuwa shi ne tana ruɗin mutane. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya kwana ɗaya ko biyu yana hira, a ce maganin gida ya yi aiki, alhali jini na zuba a ciki. Daga baya a ga jini a dasashi ko a fitsari. A asibiti akan ɗebi jininsa a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga, sai a yi masa allurar maganin dafi, irin su EchiTAb da aka haɗa domin macizan Nijeriya.

Kai kuma malamin gona, ba kowane asibiti ke ajiye wannan magani ba. Akwai asibitin saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, da cibiyar Zamko a Jihar Filato. Kafin damina ta faɗi, binciki wanda ya fi kusa da yankinka, ka sanar da ƙungiyoyin manoma, su kuma su tsayar da mai babur ko mota da za a kira ko da tsakar dare ne.