Darasin kiwo: Kumburin hantsa da zaɓen irin shanu

Masu karatu, nono abinci ne, kuma kuɗi ne. Amma akwai cutar da ke rage shi a garkenmu na Malbaza, Ƙonni da Illela. Ita ce kumburin hantsa.

Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta bakin nono. Hantsa ta kumbura, ta yi zafi, saniya ta ƙi tatsa. Nonon ya tsinke, ko ya yi gudaji, wani lokaci har da jini. In aka yi sakaci, bakin nonon ya mutu ke nan har abada.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka abin yake ga shanu. Karsana tana gadon siffar hantsa daga uwarta, da kuma wajen ubanta. Hantsa mai rataya ƙasa tana kwasar ƙazanta, ƙaya tana yanka ta. Hantsa mai ɗaure sama ta fi tsira.

A ƙasar Norwe, tun 1978 ake duba wannan cuta wajen zaɓen bijimai. A nan Nijar ma, tashar Tukunus, kusa da Filinge, ta daɗe tana zaɓen shanun Azawak saboda nono.

To, mu me za mu yi?

1. In za mu sayi saniya a kasuwar Gidan Idar ko Badagishiri, mu durƙusa mu duba hantsa. Mu tatsa bakin nono huɗun duka.
2. Kafin mu bar maraƙi ya zama bijimi, mu tuna da uwarsa. In tana yawan kumburi, mu dandaƙe shi.
3. Mu ajiye ƴaƴan saniyar da ta yi haihuwa da yawa hantsarta lafiya.

Sai dai gado kaɗai ba ya isa. Tsabta ta fi shi ƙarfi. Mu wanke hannu da sabulu kafin tatsa. Mu share kashi daga makwanci, mu cire kaska. Saniya maras lafiya ita za a tatsa ƙarshe, a zubar da nononta. Mu kira likitan dabbobi da wuri. Bayan allura, kada a sha nonon ko a sayar sai kwanakin da ya faɗa sun cika. Kullum mu tafasa madara kafin mu ba yara.

Tun da mun iya rubutu, mu buɗe littafi. Mu rubuta sunan kowace saniya, da ranar da ta kamu. Littafin nan zai nuna muna irin da ya kamata mu riƙe.