Hukuncin Sauraren Waƙa Da Tura Ta Ga Wani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada wadda ta zama ruwan dare a majalisun samari da na magidanta, tun daga Anka har Bukkuyum da Gummi. Da an idar da sallar lisha aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ko aka kewaye teburin mai shayi, sai wani ya ciro waya ya ce, "Kun ji wannan kuwa?" A saurara, a yi gardama a kan wane mawaƙi ya fi wani azanci, sa'an nan mutum uku ko huɗu su ce a tura musu. Kafin gari ya waye waƙar ta kwana cikin wayoyi goma. Mutane da yawa sukan tambayi malamai hukuncin jin kiɗa, amma da wuya a sami mai tambayar hukuncin miƙa shi ga wani, alhali kuwa nauyin ya fi yawa a nan.

Ba abin mamaki ba ne a sami wannan hira a ƙasar Zamfara, domin ƙasa ce ta makaɗa tun asali. Ita ta haifi Salihu Jankiɗi na Rawayya mai taushi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991. Fadar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi da ta Sarkin Dankon Bukkuyum duk sun san kiɗan sarauta. A da sai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar fada ko gidan biki kafin ya ji makaɗi. Daga baya garmaho ya zo, rediyo ya biyo baya da filin zaɓi sonka, sai kaset, yau kuma ga memori wanda bai kai farcen yatsa ba, yana ɗauke da abin da makaɗi goma ba su iya rerawa cikin wata guda. Laifin ba na na'ura ba ne. Rediyo da kaset ɗin da suka yaɗa waƙoƙin Mamman Shata su ne suka kai tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, cikin ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, har ya rasu a 1992.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu na harshe tun da fari, domin rashin lura da shi ya sa gardama ta yi tsawo a banza. Bahaushe yana da kalma ɗaya, waƙa, a inda Balarabe yake da biyu. Shi'iri shi ne tsararriyar magana mai ma'auni da amsa-amo; ghina'i kuwa shi ne rera ta da daɗin murya; kayan kiɗa kuma suna da nasu suna dabam, ma'azifu. Kowannensu da hukuncinsa. Haka nan akwai bambanci tsakanin sama'u da istima'u, wato tsakanin ji da saurare. Wanda ya ratsa kasuwar Nasarawar Burkullu sauti ya faɗa kunnensa, ya ji ne. Wanda ya nemi wuri ya zauna ya ce a maimaita, ya saurara. Malamai sun ɗora hukunci a kan na biyun, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya toshe kunnuwansa da ya ji sarewar wani makiyayi, amma bai umurci Nafi'u da ya toshe nasa ba. Abu Dawuda ya ruwaito shi, ko da yake shi da kansa ya soki ingancinsa.

Game da shi'iri babu wani dogon saɓani. Ayoyi na 224 zuwa 227 na Suratush Shu'ara'i sun zargi mawaƙa, sa'an nan suka keɓe muminai masu aikin ƙwarai daga cikinsu. Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa cikin masallacin Madina, Ka'abu ɗan Zuhairu ya nemi afuwa da waƙa aka kuwa yi masa. A kan rerawa da kayan kiɗa ne maganar malamai ta rabu. Masu hani sun riƙi aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara abin shagalar da ta ambata da cewa rera waƙa ce, da kuma hadisin da ke cikin Buhari wanda ya jera kayan kiɗa tare da zina da giya da alhariri. A kan wannan hani mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya tafi, kuma littafinsa ne almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan. Masu sassauci kuwa sun riƙi hadisin Nana A'isha na kuyangi biyu da suka rera waƙar yaƙin Bu'asu ranar idi a ɗakinta, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Ibnu Hazmi ya raunana hadisin kayan kiɗa, Ibnus Salahi da Ibnu Hajar suka mayar masa da martani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan saurare, ya rataya hukuncin a kan abin da aka faɗa, da wanda ya faɗa, da halin mai sauraro.

Wannan saɓani ya iso har gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi cikin ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, ya yi sassauci a kan tambura da makamantansu cikin Najmul Ikhwan, ƙanensa Abdullahi kuwa ya fi tsanantawa. Amma dukansu biyu sun yi waƙoƙi, haka ma Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, kuma da baki aka riƙa miƙa su daga gari zuwa gari, 'yan taru suna koya wa matan karkara. Ashe tura waƙa ga wani ya girmi wayar hannu, kuma yana iya zama aikin lada.

To, wanda ya bi hani ya bar kiɗa baki ɗaya ya kuɓuta, babu mai zarginsa. Wanda ya bi sassauci kuma yana da magabata. Sai dai ya sani cewa babu ko ɗaya daga cikin masu sassaucin, har Ibnu Hazmi da Gazali, da ya halatta waƙar da kalmominta suka zama batsa, ko cin mutuncin Musulmi, ko zuga azzalumi a kan zaluncinsa. A nan saɓani ya ƙare. Kuma a nan ne mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi suke da wata damuwa wadda ta fi gardamar kalangu da goge nauyi.

A 'yan shekarun nan an sami waƙoƙi masu yi wa shugabannin 'yan bindiga kirari, ana ambaton sunayensu da dazuzzukansu, ana kiransu jarumawa. Waƙar ɓarayi ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa: an san Kassu Zurmi da ita, an san Gambu da ita, shi Gambu ma daga baya ya bayyana tubarsa ya aje kiɗan. Amma ɓarawon wancan zamani mai haura katanga ne da dare. Na yanzu kuwa shi ne wanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kansa, mai yaƙar al'umma da makami, wanda fiƙihu ke kira muharibi. Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 2022 an auka wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Marayun wannan rana suna nan da rai, wasunsu suna gudun hijira cikin garuruwan da ake zaman hirar nan. Yaron da aka kashe ubansa yana iya wucewa ta gaban majalisa da kwanon bara, ya ji ana kaɗa kan yabon irin waɗanda suka mayar da shi maraya.

Mai irin wannan waƙa a waya yakan kawo uzuri biyu. Na farko ya ce shi kiɗan ne ya yi masa daɗi, bai damu da maganar ba. Wannan uzuri ba ya tsayawa, domin aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta nuna cewa ji da gani da zuciya kowanne abin tambaya ne, kuma duk wanda ya san waƙa ya san amshi ya fi wa'azi saurin zama a kai. Ƙaramin yaro yana haddace amshi kafin ya san ma'anarsa, ranar da ya san ma'anar kuwa ta riga ta zauna. Na biyu ya ce ba shi ya yi waƙar ba, turawa kawai ya yi. Muslim ya ruwaito hadisi mai ma'anar cewa wanda ya yi kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi, ba tare da an rage nasu ba. Mawaƙi ya rera sau ɗaya ya tafi gida; masu turawa ne suka mayar da ita sau dubu. Aya ta 113 ta Suratu Hudu ta hana ko da karkata zuwa ga azzalumai, balle yaɗa yabonsu. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Ka'abu ɗan Ujrata gargaɗi mai tsanani ga wanda ya gaskata azzalumai a kan ƙaryarsu ya taimake su a kan zaluncinsu. Ɗan bindiga yana bukatar suna kamar yadda yake bukatar harsashi, domin da suna yake tsorata ƙauye ya biya shi haraji, da suna kuma yake jan hankalin yaro mara aiki ya bi shi daji. Mai tura kirarinsa ya ba shi wannan kyauta.

Kada a zaci hukuma ita kaɗai za ta iya tare wannan. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara duka, amma tura waƙa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba ya bukatar layi, sauya memori ma haka. Ƙofar tana hannun mai wayar ne.

Akwai kuma wani abu mai kama da wannan, ko da yake bai kai shi muni ba, wato waƙoƙin zambo na lokacin siyasa, inda ake tona asirin mutum da na iyayensa ana dariya. Giba ba ta zama halal don an sa mata kiɗa, mai sauraronta da yarda kuwa abokin tarayya ne.

Saura masu sana'ar tura waƙoƙi a rumfunan kasuwa da tashoshin mota, kamar mararrabar Ɗaki Takwas, waɗanda ake ba 'yan kuɗi su cika wa mutum memori. Sana'arsu ijara ce, hukuncin ijara kuwa yana bin amfanin da aka yi jinga a kansa. Ladan tura karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi halal ne. Ladan tura waƙar noma ko ta sarauta wadda babu alfasha cikinta yana ƙarƙashin saɓanin da aka ambata a baya. Ladan tura batsa da yabon 'yan ta'adda kuwa haram ne a wurin kowa. Mafi yawansu sukan zuba kaya ne a dunƙule ba tare da sun ji abin da ke ciki ba, manomi ya koma gida da memorin, 'ya'yansa su kunna da rana yana gona. Wajibin mai rumfa ne ya tace abin da ke cikin kwamfutarsa kafin ya karɓi kuɗi a kansa, wajibin maigida ne kuma ya saurari abin da aka zuba masa tun daga farko har ƙarshe kafin ya bar wayar a hannun iyali. Wanda aka turo wa irin wannan waƙa ba da nemansa ba babu laifi a kansa, muddin ya goge ta, ya kuma gaya wa wanda ya turo, cikin ladabi, dalilin da ya sa ya goge.