Hukuncin Maraƙin Da Ciwo Ya Ci Ƙarfinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi makiyayi da mai turke a gida. Maraƙi ya kwanta ciwo, ya daina shan nono, ya kasa tashi. Mai shi yana tsakanin abu biyu: ya jira ko Allah zai kawo sauƙi, ko kuwa ya sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. To, me shari'a ta ce?

Da farko dai dabba amana ce. Ciyar da ita da yi mata magani wajibi ne a kan mai ita. Sau da yawa abin da ke kayar da maraƙi zawo ne da ƙarewar ruwan jiki, musamman wanda bai sami dakashi sosai ba a ranar haihuwarsa, kuma irin wannan yakan tashi idan an gaggauta kiran likitan dabbobi. Saboda haka muddin akwai tsammanin warkewa, magani shi ne kan gaba.

Amma idan masani ya tabbatar babu sauran tsammani, kamar karayar ƙashin baya, ko kwanciyar da ta daɗe har ya ƙi ci ya ƙi sha, to barinsa cikin azaba ba tausayi ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausi cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umurni da kyautatawa a cikin kome, har wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Shehu Halilu ma, a cikin Muhtasar, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta domin a hutar da ita idan an fid da rai da ita. Ina kuma ga maraƙi, wanda asalinsa halal ne?

Sai batun cin naman. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta mushe, ta kuma togace abin da aka riska da rai aka yanka. Buhari ya ruwaito labarin kuyangar Ka'abu ɗan Maliku, wadda ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta, Annabi (S.A.W.) kuwa ya ba da izinin a ci. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa marar lafiyar da aka fid da rai da shi sai ya yi motsi mai ƙarfi yayin yanka, watau ya harba ƙafa ko ya kaɗa wutsiya, ko jini ya yi tsartuwa. Ɗan zubar jini kawai ba ya isa. Haka kuma idan faɗuwa ko suka ta riga ta tsinke lakarsa ko ta huda hanjinsa, yanka ba ya halatta shi a mazhabarmu.

Sai dai fa a kula, halaccin yanka daban, lafiyar nama daban. Dabbar da jini baƙi ke fita ta hancinta da duburarta, alamar ciwon saifa ce, wanda ya ɓulla kusa da Suleja a shekarar 2023. Wannan ba a yanka ta, ba a feɗe ta, domin cutar tana kama mutum. A sanar da ma'aikatan dabbobi su binne ta. Wanda kuma aka yi wa allura kwanan nan, a tambayi likita ko maganin ya fita daga jikinsa. In bai fita ba, a yanka don a hutar da shi, a binne naman.

Babban abin tsoro shi ne a lallaɓa a sayar wa mahauci da dare, a ɓoye aibin. Wannan algus ne, kuma Annabi (S.A.W.) ya barranta daga mai yin algus ga Musulmi. Hasarar maraƙi guda ta fi sauƙi bisa ɗaukar alhakin iyalin da za su ci su kwanta.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu ikon tausaya wa bayinsa. Wassalamu alaikum.