Sarki, Arɗo da Magajin Gari: Wa Ke da Ƙasa?

Wata wasiƙa ta zo mana daga ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, can ƙasar Mayahi. Mai sauraronmu yana cewa: "Muna zaune ƙasa ɗaya da Fulani da Buzaye, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, amma sarkinmu daban, nasu daban, ga kuma magajin gari. Shin wa ke sama da wa?"

To Malam, Allah ya saka da alheri, gyara zama ka ji.

Sarauta a wannan yanki ta girme wa Bature. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Katsinawa sun yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, wasu 'yan gidan sarautar suka riƙe Tasawa. Da Faransawa suka zo, sai suka yanka ƙasa kanto-kanto, kowane da sarkinsa mai karɓar haraji. A Tasawa ma kwamandan Faransawa ya fara zama, kafin a mai da mazauninsa Maraɗi a 1927.

Makiyayi kuwa ba ya yankuwa. Yau yana Gulbin Kaba, damina na faɗuwa ya yi arewa da dabbobinsa. Saboda haka aka haɗa makiyaya rukuni-rukuni, aka ba su nasu shugabanni. Ga bambancin da nake so ka riƙe: sarkin kanto ƙasa yake mulki da wanda ke kanta, shugaban rukuni kuwa mutane yake mulki duk inda suka sauka. Shi ya sa za ka ga Bafulatanin da aka haifa bayan gonarka, kun yi wasan ƙasa tare, amma ranar biyan haraji takardarsa tana hannun arɗo, taka tana hannun maigari.

Magajin gari ɗan jiya ne. Dokar 2002 ta kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓen farko a 2004. Sarakuna sun riƙa zama majalisar ƙaramar hukuma, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi.

A takarda dai an raba aiki: kasuwa da takardar haihuwa na ofishin magajin gari, sasanta rigimar gona da gado na fada. A ganina, inda gizo ke saƙa shi ne burtali, don nan ne ikon sarki da na arɗo ke karo. In saniya ta shiga gero, ko manomi ya cinye hanyar dabbobi, fara da maigari da arɗo. In abin ya ƙi, akwai kwamitin filaye da ake kira Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. In an sasanta, kada ka tashi sai an rubuta, kowa ya sa hannu, ka karɓi taka takardar.