ZAƁEN KIFAYEN DA ZA SU ZAUNA TARE A AKWATIN GILASHI

Mutanen Lakwaya da sauran ƙasar Gwarzo da Kabo ba baƙin kifi ba ne. Ga madatsun ruwa na Guzuguzu da Magaga kusa da mu, ga kuma na Calawa a ƙasar Ƙaraye, wanda aka gama cikin 1992. Amma kiwon kifi don ado, watau a sa shi cikin akwatin gilashi a ɗaki ko a zaure domin kallo, sabon abu ne a wurinmu. Mutum ya kan je Kano ya kashe kuɗinsa, ya sayo kifaye goma masu ban sha'awa, kafin mako biyu sun koma uku. Sai ya ce ruwan garin ne bai karɓe su ba. Galibi ba laifin ruwa ba ne, an dai haɗa kura da akuya ne a garke ɗaya. Ga abubuwan da ya kamata a duba tun kuɗi na aljihu.

1. Girman akwati

Akwati mai tsawon ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1, ya kan ci ruwa kamar galan 12, watau lita 54, jarka biyu ke nan da 'yar ɗoriya. Ƙa'idar da masu wannan kiwo su ke bi ga ƙananan kifaye ita ce, kowane inci ɗaya na tsawon kifi a ba shi galan ɗaya na ruwa. Ashe ke nan wannan akwati ba zai ɗauki fiye da kifi shida masu inci bibbiyu ba. A lura, da tsawon da kifin zai kai bayan ya girma a ke lissafi, ba da tsawonsa na ranar saye ba. A inda wutar lantarki ba ta zama, injin hura iska ya kan tsaya, saboda haka gara kifin ya kasa wannan adadi da ya zarce shi.

2. Baki

Duk kifin da zai shiga bakin wani, to, abincinsa ne, ko ba jima ko ba daɗe. Nan ne yara su kan jawo hasara, su kamo 'ya'yan kifi a bakin dam su zuba a kan na saye. Ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa ba ya da ban tsoro, amma tarwaɗa ta kan wuce ƙafa 3, da dare ta ke farauta, ko 'yan'uwanta ba ta bari. Tsage haƙora gare shi kamar zarto. Gaiwa ta kan ciji abokin zama ta gutsure shi. Minjirya kuwa, babbarta ta kan saki lantarki fiye da bolt 300. Waɗannan duka ba na ƙaramin akwati ba ne.

3. Hali

Wani kifin bakinsa ƙarami ne, amma ba ya son maƙwabci. Namijin karfasa ya kan haƙa rami a yashi domin aure, ya kori duk wanda ya matso, ya tumɓuke tsiron da aka dasa. Akwai wani kifi na ƙasar Tailan mai baza jela kamar tuta, masu sayarwa suna ce masa beta. Kadan aka haɗa mazansa biyu, sai ɗaya ya illata ɗaya. Kada kuma a haɗa shi da namijin gofi, gama da ya ga jela mai launi sai ya zaci kishiya ce.

Akwai kuma masu son jama'a, waɗanda zaman kaɗaici ke sa su ɓuya su ƙi cin abinci. Daniyo, ɗan kifin Indiya mai zane a jiki kamar saƙi, ba a ajiye ƙasa da shida. Koridoras, wanda ya yi kama da ɗan kurungu, shi ma sai biyar ko shida.

4. Zafin ruwa

Yawancin kifayen ado daga ƙasashe masu zafi su ke, suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Kifin zinariya kuwa, wanda mutanen Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya fi son digiri 18 zuwa 22. Ya kan wuce inci 8, ga yawan kashi mai ɓata ruwa. Abin da ya yi masa daɗi bai yi wa gofi ba, don haka a raba musu gida, shi a ba shi babba.

A ƙasar Kano, da hunturu sanyin dare ya kan sauko wajen digiri 13, da bazara kuwa zafin rana ya haura 40. Ruwa kaɗan shi ya fi saurin bin iska. A ajiye akwati a ɗaki mai sanyi, nesa da taga da hasken rana. A daren hunturu a rufe shi da bargo. Wanda ba shi da abin ɗumama ruwa ya zaɓi daniyo, domin ya fi sauran jure sanyi.

5. Haɗin da ya dace

Ga akwati mai ƙafa 2, a zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan:
(a) Gofi uku da filati uku, kowane iri namiji ɗaya, mata biyu. Asalinsu daga nahiyar Amurka ne, suna da sauƙin kai, suna cin tsutsar sauro. Haihuwa su ke yi, ba ƙwai ba, kuma su kan cinye 'ya'yansu in babu tsiron da za su ɓuya a ciki.
(b) Daniyo shida.
(c) Namijin beta ɗaya, shi kaɗai.

Wanda akwatinsa ya kai ƙafa 3, mai cin galan 22, yana iya haɗa daniyo shida da koridoras biyar. Waɗancan suna iyo a sama, waɗannan suna kiwo a ƙasa, kowa da inda ya sa gaba.

6. Karɓar baƙo

Kada a zuba kifi duka rana ɗaya. Sabon akwati sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin halittar da ke narkar da dattin kifi su yawaita a cikinsa. A fara da biyu ko uku, a riƙa ƙarawa sannu sannu. Duk sabon kifi a keɓe shi a wani mazubi har mako biyu, a ga ko yana da ciwo. Ran da za a shigar da shi, a ɗora ledarsa a kan ruwan akwati minti 20, don zafin ruwan biyu ya daidaita. Kowane mako a kwashe rubu'in ruwa a zuba sabo. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe tukuna, maganin da ke ciki ya fita. Kada a ɗebo tsiro ko katantanwa daga dam, gama wasu katantanwar su ne ke ɗauke da tsargiya.

7. Gargaɗi

Wanda ya gaji da kifinsa ya ba wani mai kiwo, kada ya sake shi a dam ko rafi. Giwan ruwa ɗan gida ne a Kwara da Tafkin Cadi, amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas cikin shekarun 1950, bai cika shekara arba'in ba sai da ƙananan kifaye wajen iri 200 suka ɓace. Abin da ya faru a babban tafki, shi ne ke faruwa a akwatin gilashi. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi
1. Kifi nawa masu inci bibbiyu akwati mai galan 12 zai ɗauka?
2. Don me ba a haɗa kifin zinariya da gofi?
3. Faɗi kifayen ruwanmu huɗu waɗanda ba su dace da ƙaramin akwati ba.