Guguwar rana da kogin lantarki na sama

Duniyarmu kamar babban mayen ƙarfe take. Shi ya sa allurar matafiya take nuna arewa kullum. Mayen ƙarfen nan yana da wani layi da ya kewaye duniya kamar ɗamara. A Afirka, layin ya ratsa arewacin Gana da Najeriya, kudu da Maraɗi da Damagaram, ya wuce Cadi har Habasha.

Bisa layin nan, wajen kilomita 100 a sama, hasken rana yana sa lantarki cikin iska. Sai lantarkin ya riƙa gudu daga yamma zuwa gabas, kamar kogi mai faɗin kilomita 600. Da tsakar rana ya fi ƙarfi, da dare ya kusa ƙafewa. Ido ba ya ganin shi, amma na'urori suna auna shi daga ƙasa. A Huwankayo, cikin ƙasar Peru, aka fara lura da shi.

Wani lokaci rana tana aman iska mai zafi, cike da lantarki. Cikin kwana 1 zuwa 3 aman yana iso mu, ya girgiza mayen ƙarfen duniya. Wannan ita ce guguwar mayen ƙarfe. Ba ta tada ƙura, ba ta kada itace.

Guguwar tana taɓa kogin ta hanya biyu. Da farko, ƙarfin lantarkinta yana shigowa ta kan duniya na arewa da na kudu, ya iso ɗamarar nan take. Sai kogin ya cika ko ya ragu farat ɗaya. Na biyu, iskar sama ta can tana yin zafi, ta huro zuwa tsakiyar duniya. Bayan wasu awoyi sai ta raunana kogin, har wani lokaci ya juya yamma.

In sama ta rikice haka, rediyo mai gajeren zango yakan shaƙe, GPS na mota da na jirgin sama yakan yi kuskure. A watan Maris 1989, wata babbar guguwa ta kashe wutar lardin Kebek, a Kanada, awa 9. Don haka masana suke sa ido ga rana dare da rana, su yi gargaɗi tun da wuri.

Tambayoyi
1. Ina kogin lantarki yake?
2. Wane lokaci ya fi ƙarfi?
3. Ta wace hanya guguwa take taɓa shi?
4. Ku zana layin bisa taswirar Afirka.